RUMBUN LAKWAL

Shafi na 12

Da sunan Allah. Masu aiko mini saƙo cewa na daɗe, na ji ku. Ni ba injin niƙa ba ne. Ku karanta.

*

Tun hantsi Haske take daka a bayan lakwal, makarantar Nasara, amma hannunta kaɗai ke kan taɓarya. Idonta yana hanya.

Dammunan gero sai shigowa suke yi. Wasu a kan jakai, wasu a ka. Bara yunwa ta kori rabin 'yan lakwal, suka gudu gidajensu, gardawan bariki, dogaran Nasara, suka bi su da bulala. Bana Mushe Tarawale, malaminsu, baƙo daga yamma mai nisa wanda Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, ya rantse ba za a sake ba. Da kaka ta yi aka koma karatu, ya sa yara suka gina rumbu da hannunsu. Shi kuma ya shiga kasuwar Filinge yana bin rumfa rumfa.

"Dami guda, saboda Allah. Yara ci."

An yi masa dariya, ma'aikacin Nasara yana roƙo. Amma an ba shi. Mahauta suka ba da ɗan akuya, Fulani suka kawo nono, maƙeri ya ƙera wa rumbun ƙofa. Yau ne za a cika shi. Yara za su nuna abin da suka koya, Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, da kansa zai zo.

"Ke Haske, turmi kike daka ko ƙahwata?"

Dijatu ce, abokiyar tuƙin tuwonta, 'yar ƙauyensu.

Haske ta rage murya. "Kin hwaɗa mashi?"

"Tun jiya. Na ƙara da sahe."

"Mi kinka ce?"

"Abin da kinka ce. In an tambaye shi, shi yi shiru. In an ba shi takarda, shi riƙe ta kai ƙasa. Shi zama jaki, yau ɗai."

"Shi mi yac ce?"

"Ya ce Mushe za shi buge shi. Na ce bugun Mushe na warkewa, Yamai ba ta warkewa."

"Ya yarda?"

"Ya dubi ƙasa. Ke da ɗanki duk halinku guda, ba a sanin cikinku."

"Yi shiru!"

Dijatu ta kama bakinta. Suka waiwaya hagu da dama. Babu kowa sai kaji.

Wannan kalma, ɗanki, ita ce ba a faɗa a Filinge. A takardar lakwal yaron sunansa Issa, ɗan farin Magagi, maigarin ƙauyensu da ke hanyar Sanam. Kaka biyu da suka wuce gardawa suka je karɓar ɗan maigari. Magagi ya tura Issa na gaske rugar Fulani, ya kamo ɗan baransa marigayi Na'Allah, ya sa masa riga, ya miƙa. Uwar yaron ita ce Haske. Ta biyo bayansu da ƙafa, ta roƙi aikin daka a lakwal, don ta riƙa ganinsa ko daga nesa.

Daga nesa ɗin ma ta saba. Ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa gaban mutane ba. Saƙo sai ta bakin wata.

Abin da ya hana ta barci kwana uku shi ne maganar da Albarka tafinta ya saki a bakin rijiya. Yau bayan la'asar raƙuman bariki za su tashi zuwa Yamai, kuma akwai sirdi guda da aka bari ba kowa. Na ɗan sarautar da ya fi kowa karatu ne. Biyu aka taɓa ɗauka daga ƙasar Kurfai. Ɗaya ya dawo bayan shekara bakwai da wando matsattse, bai durƙusa wa ubansa ba. Ɗayan takardar mutuwarsa ce ta dawo.

Inuwa ta faɗo kan turmi.

Magagi ne, cikin riga mai shuni, rawaninsa ya jiƙe da gumi.

"Dijatu, tahi ki ɗebo ruwa."

"Randa cike take, Maigari."

"Zubar da shi, ki ɗebo wani."

Dijatu ta ɗauki tulu ta tafi tana waige. Haske ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe."

"Matar Na'Allah, na ji saƙon da kinka aika ma yaro."

Haske ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ban hana ba. Shi zama jaki, ni ma ya hi mani. Amma ki buɗe kunne. Yau ba ki da ɗa cikin wanga hili. Ko an yanka shi gabanki, ki ci gaba da tuƙin tuwonki."

"Kaka ukku kac ce, Maigari. Wagga ita ce ta ukku."

"Ni na ce. Nasara bai ce ba."

"In sun ɗauke shi fa?"

"Sai ki yi haƙuri, kamar kowa."

"Kamar kowa? Naka na can ruga shina shan nono."

Magagi ya sunkuyo har ta ji warin goron bakinsa. Ta zaci mari ne. Amma da ya yi magana, muryarsa rawa take yi, abin da ya fi marin ba ta tsoro.

"Kin san abin da anka yi ma maigarin da anka kama bara da irin wanga? An tuɓe mashi rawani gaban matanai. An ɗebi maza ashirin daga garinai zuwa aikin hanya. Sha ɗaya sunka komo. Garinmu maza nawa ne? Mijin Dijatu shi na farko, ƙato ne. Ƙanenki Alu na biyu. Ke kuma igiya."

Haske ta dubi ƙasa.

"Ni na binne maki miji tun waccan tsohuwar yunwa. Ban ce ki gode ba. Bakinki ɗai nike so."

"Na ji."

"Sauran ki bar mani. Na san Nasara. Su in uba bai rungumi ɗa ba, sai su ce ba nashi ba ne. Yau zan ba shi abin da shika so."

Ya miƙe, ya gyara rawani, ya nufi fili.

*

Da rana ta take tsaka aka busa ƙaho.

Filin lakwal ya cika. Maza a gaba, mata a baya, masu dammuna kowa tsaye kusa da nasa. An ajiye wa Kumandan kujera a ƙarƙashin gawon da ya fara sabon ganye. Dogo ne, ja, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Bulalar doki tana kan cinyarsa. Albarka tafinta yana tsaye a damansa, gardawa huɗu a baya. Can gefen bariki raƙuma uku suna gurfane, ana ɗaura musu kaya.

Haske da Dijatu suka leƙo ta ɓular zana.

Yara talatin suka fito a jere. Suka yi tafiyar soja, suka juya, biyu suka yi karo, mata suka yi dariya. Suka rera waƙar Nasara wadda ba wanda ya san ma'anarta. Suka kawo gyaɗar gonar lakwal cikin ƙwarya, suka ajiye gaban Kumandan. Ya ɗauki guda, ya ɓare, ya jefar. Mushe Tarawale yana ta murmushi, gumi yana zuba cikin wuyan farar rigarsa.

Sai aka zo karatu.

"Issa Magagi!"

Yaron ya fito. Siriri, shekara goma sha ɗaya, rigar aron nan ta yi masa kaɗan yanzu. Haske ta kau da kai, ta bar wutsiyar ido.

Mushe ya miƙa masa takarda. Ya karɓa, ya juya ta kai ƙasa.

Shiru.

"Issa?"

Shiru.

Mushe ya yi masa magana a hankali da Faransanci. Yaron ya buɗe baki kamar wawa, ya dubi sama.

"Allah shi yi maka albarka," in ji Haske cikin ranta.

Mushe ya kira wani yaro. Wannan ya fara in'ina, ya tsaya. Ya kira na uku, ya fashe da kuka. Na huɗu ya ce cikinsa ke ciwo. Na biyar ma kai ƙasa ya riƙe takardar.

Dijatu ta dafe ƙirji. "Wayyo. Ashe ba mu ɗai muka da wayo ba. Kowace uwa ta aika."

Mushe ya tsaya tsakiyar fili da takarda a hannu. Bai ɗauki sanda ba. Ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda aka yi wa sata a ɗakinsa.

Kumandan ya miƙe.

Bai ɗaga murya ba. Ya yi wa Mushe magana doguwa, yana buga bulala a takalminsa. Ya nuna rumbu. Ya nuna dammunan da ke jibge. Sannan ya nuna bariki, inda dawakai ke ɗaure. Ya ɗaga wa gardawa hannu, biyu suka nufi dammunan.

Albarka ya gyara murya zai fassara.

Wata murya ta riga shi.

Siririya ce, tana rawa, kuma ba Hausa ba ce. Haske ta san ta ko a cikin dubu.

Yaron ne. Ya tako har gaban kujera yana zuba Faransanci, yana nuna dammuna, yana nuna mutane. Gardawa suka tsaya. Mushe ya saki baki.

"Mi shika cewa? Dijatu, mi shika cewa?"

"Ni na sani? Uwata ba Banasara ba ce."

Kumandan ya ce wa Albarka wani abu. Albarka ya juyo ga taro, ya ɗaga murya.

"Jama'a! Kumandan ya ce tun da jakai Mushe ka kiwo, gero ya hi dacewa da dawakin bariki. Wanga yaro ya ce mashi a'a. Ya ce geron ga sadaka ne, talakawa sunka cire shi daga bakinsu. Ya ce shi ya san yunwa, ya ci ganye bara. Ya ce in karatu aka so, a bar rumbu, shi za shi yi."

Yaron ya juya takardar daidai.

Ya karanta. Bai tsaya ba, bai yi tuntuɓe ba, kamar ruwa a gangaren dutse. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga kai ya ci gaba da ka.

Taro ya ɗauki sowa. Wata ta rangaɗa guɗa. Gardawa suka ajiye dammunan da suka ɗauka. Mushe ya share ido da hannun riga.

Haske ta zame ta zauna a ƙasa. Wani abu ya cika mata ƙirji, daɗi ne ko mutuwa, ba ta sani ba. Ta ɓular zana tana hango raƙumi na uku, da sirdin da ba kowa.

Kumandan yana dariya. Ya dafa kan yaron, ya yi tambaya.

"Kumandan ya ce, ɗan wa ne?"

"Nawa ne!"

Magagi ya ratso taro da sauri, riga tana jan ƙasa. Ya kama yaron ya rungume, ya ɗaga shi sama, ya sauke, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Issa! Issa ɗana! Ɗan farina ne, ranka shi daɗe, na hwari cikin gidana. Issa, dube ni. Ka hidda ni kunya, Issa!"

Ya ciro goro daga aljihu ya danƙa masa a hannu. Ya juya ga Kumandan yana washe baki.

Bai lura ba sowa ta mutu.

Dattijai suka sunkuyar da kai. Mata suka ja mayafi suka rufe baki. Fili mai mutum ɗari uku ya yi tsit, har ana jin kukan raƙumi.

A sahun gaba akwai wata tsohuwa da ta kawo ɗan ƙaramin dami a ka tun daga Imanan. Kurma ce, ba ta san ƙarfin muryarta ba. Ta taɓa ta kusa da ita, ta yi abin da take zaton raɗa ne.

"Ke, yau na ga abin da ban taɓa gani ba! Uba na kiran sunan ɗan fari tsakar kasuwa, har da runguma! Aradu wanga bai haihi yaron ga ba!"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Murmushin Magagi ya bushe a fuskarsa.

Kumandan ya dubi tsohuwar, ya dubi taro, ya dubi Albarka. Ya shekara huɗu a Kurfai, yana tsintar Hausa jefi-jefi. Ya yi tambaya gajera.

Albarka ya yi dariyar yaƙe, ya ba da amsa gajera.

Kumandan ya sake tambayar, wannan karon bulala tana nuna ƙirjin Albarka. Sannan ya nuna yaron, ya taɓa kunnensa. Ko Haske ta gane. In ka yi mini ƙarya, ga wanda yake jin harsunan biyu.

Albarka ya fara bayani. Ya daɗe. Yana yi yana kau da fuska gefe, yana rufe baki da hannu, yana kwaikwayon yadda uba yake yi in ɗan farinsa ya shigo zaure.

"Ranka shi daɗe, tsohuwar ga ta ruɗe!" in ji Magagi. "Murna ce ta ɗebe ni. Tahinta, hwaɗa mashi murna ce!"

Ba wanda ya fassara.

Kumandan ya koma kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Ya yi magana a hankali.

"Kumandan ya ce," muryar Albarka ta dushe, "ya koyi abu yau. Ya ce tun da mai kiran suna ba shi ne uba ba, to wa ke gudun yaron ga? Wa ke kau da kai in ya gan shi?"

Ba wanda ya motsa. Rabin mutanen ƙauyen Magagi suna wurin, kowa ya sani, kowa ya zama dutse.

Sai Mushe Tarawale ya ce, "Ah."

Ya faɗe shi a hankali, kamar wanda ya tuna inda ya ajiye abu. Shi baƙo ne, bai san abin da yake bankaɗowa ba. Sau uku yana yi wa Haske faɗa a kan yaron nan. Yana ganin tana zuba wa yara ashirin da tara tuwo da hannunta, in an zo kan na talatin sai ta ajiye akushi a ƙasa ta juya baya. Ya zaci ƙiyayya ce.

Ya juya ya dubi zanar madafa.

Da ya ga yadda Magagi ya dafe kai, ya gane, ya so ya maida idonsa. Kumandan ya riga ya bi kallon.

"Tashi ki gudu," in ji Dijatu. "Ta bayan rumbu. Haske, tashi!"

Haske ta yunƙura, amma ta makara.

Gardi ya yaye zanar da hannu guda.

*

Aka durƙusar da ita gaban kujera. Ba ta taɓa kusantar Nasara haka ba. Takalminsa kaɗai take gani, da ƙudan da ke yawo a kai. Taku uku a hagunta akwai ƙafafu biyu sirara, masu kaushi. Ta juya musu ƙeya ba tare da ta sani ba.

Kumandan ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

Aka kawo ƙwaryar nonon da Fulani suka bayar, aka danƙa mata.

"Baiwar Allah," in ji Albarka da ƙarfi, "Kumandan ya ce abu mai sauƙi ne. Yaro ya yi karatu, ya ji ƙishirwa. Ki dube shi cikin ido, ki kira sunanai, ki ba shi nono hannu da hannu. In kin yi, maganar tsohuwa ta hwaɗi. Ɗan Magagi ne, shi hau raƙumi da girmanai, kowa shi tahi gida."

Sannan ya rage murya, leɓensa kaɗai ke motsi.

"Ce Issa. Ba sunan da kunka yanka ma rago ba ne, ba ki yi abin kunya ba. Ce Issa ki ceci garinku."

"Malam Albarka."

"Yi sauri."

"In ba ɗan sarauta ba ne, za su bar shi?"

"Ke, kina hauka?"

"Za su bar shi?"

"Takardar Yamai ɗiyan sarakai tac ce. Iyakar abin da na sani ke nan."

"To za su bar shi."

"Ban ce ba! Ni ban ce ba!"

Kumandan ya buga bulala a ƙafar kujera. Albarka ya miƙe tsaye.

Haske ta ɗaga kai kaɗan. Magagi yana gabanta, fuskarsa ta zama toka, yana motsa baki ba sauti. Can baya ta hango ƙanenta Alu da daminsa a kafaɗa, bai ko sauke ba. Kusa da zana Dijatu tana tsaye, ta haɗa hannu biyu a ƙirji tana girgiza kai. Dijatu da ta kai mata saƙo kaka biyu, da ta ɓoye wa yaron ƙanzo a zani. Goyonta wata huɗu.

Maza ashirin. Sha ɗaya suka komo.

Raƙumi ya yi kuka. An gama ɗaurin kaya.

Ta juya a kan gwiwoyinta, a hankali, kamar mai juya dutsen niƙa. Ta bi ƙafafun da ido, ta bi rigar, ta kai wuya. Ta dubi fuskar.

Shekara goma sha ɗaya, yau ta fara ganinta sosai. Idon Na'Allah ne. Akwai ɗan tabo a gira wanda ba ta san ranar da ya same shi ba. Goron Magagi yana damƙe a hannun yaron. Ya gyaɗa mata kai kaɗan. Ce Issa, in ji idonsa. Ba komai, zan tafi.

Wannan ne ya karya ta.

Ta miƙa ƙwarya.

"Sahabi."

Bai fito da ƙarfi ba. Amma a wannan shirun har na bayan fili sun ji.

"Sahabi ɗan Na'Allah. Karɓi ka sha."

"Subhanallahi," in ji wani dattijo.

Dijatu ta ƙwala ihu ta faɗi zaune. Magagi ya yi taga-taga, gardi ya riƙe shi, bai kuma sake shi ba.

Goro ya faɗi daga hannun yaron.

"Na'am, Inna."

Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Bai sha ba.

Haske ta rarrafa ta kama takalmin Kumandan. Tsoro ya fita, magana ta ɓalle.

"Ranka shi daɗe, ɗan bara ne. Ubanai noma shika yi ma wani, ko akuya bai bari ba. Ba jinin sarauta ko ɗigo. Ba irin wanda kuka so ba ne. Tahinta, hwaɗa mashi! Ce ba shi da amfani gare su, ce a ba ni abuna in tahi!"

Albarka ya fassara, idonsa a ƙasa.

Kumandan ya janye ƙafarsa. Ya dubi Magagi, ya dubi rumbu, ya daɗe yana duban yaron. Mushe ya matso da sauri yana magana, yana haɗa hannu, yana roƙo. Kumandan ya ɗaga yatsa guda, Mushe ya yi shiru.

Sannan ya yanke hukunci. Jimla huɗu, yana lanƙwasa yatsa a kan kowace. Ya miƙe ya sa hularsa.

Kowa ya dubi Albarka.

Albarka ya kau da kai. Ya share gumi.

"Mi yac ce?" in ji Haske. "Malam Albarka, mi yac ce?"

Ƙwarya ta faɗi, nono ya malale a ƙasa. Yaron bai jira tafinta ba, ya riga kowa ji. Hawaye suna zuba, ya durƙusa gabanta, gwiwa da gwiwa.

"Inna, ya ce rumbu na nan, ba a taɓa shi."

"Bar rumbu. Kai fa?"

"Na biyu na Maigari ne, ya ce a tuɓe mashi rawani. A kawo Issa na gaske kahin Juma'a, in ba haka ba maza talatin."

"Kai fa, Sahabi? Kai nika tambaya!"

"Ya ce takarda ta ce ɗan sarki, amma shi bai ga ɗan sarkin da yak karanta ba." Ya haɗiye kuka. "Na ukku, ya ce in hau raƙumi. Yanzu."

Ta damƙe hannunsa biyu.

"Huɗu yal lanƙwasa. Na gani. Ukku kac ce."

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Na huɗu mi ne?"

Ya ɗaga ido ya dubi bayanta, inda gardi yake kwance igiya daga ƙugunsa, yana nufo ta.